KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: LACCA A GAFASA KAN SATIFIKET NA SANA'AR WASANNI

Wannan ita ce laccar da akawun Jam'iyya na reshen Gaya da Ajingi ya karanta a Gafasa, ranar kasuwa da la'asar. Mun buga ta kamar yadda aka ji ta.

 

Yau ba maganar taki ko haraji muka zo da ita ba. Maganar wasa muka zo da ita, watau ƙwallo da dambe da kokawa da langa. Mun san wani dattijo zai ce a ransa, ashe Jam'iyya ta rasa abin faɗi, sai shashanci? A yi mana haƙuri, baba, a bari mu kai aya. Abin da muke so mu nuna shi ne, a cikin wasan nan akwai sana'a, akwai albashi, akwai kuma takardar shaida da ake ba wanda ya koye ta. 'Ya'yanmu ne ke zubar da gumi a fili, amma takardar da albashin suna hannun waɗansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

WA KE CIN ABINCI A FILIN WASA?

Ku dubi filin Sani Abaca na Ƙofar Mata ran da Kano Pillars ke wasa. Mutum 22 ne ke bin ƙwallo. To, amma mutum nawa ne suka fito aiki ran nan? Akwai mai koyar da 'yan wasa da mataimakansa. Akwai alƙali mai usur da masu tuta. Akwai mai duba wanda ya ji rauni, da mai gyaran fili, da mai sayar da tikiti, da magatakardan kulob mai riƙe da littafi, da mai ba da labari a rediyo. Ɗan wasa yana cin moriyar ƙafarsa shekara goma ko sha biyar, in Allah ya tsare gwiwa. Waɗannan kuwa suna nan har furfura.

Yaranmu duka Ahmed Musa suke so su zama. Madalla. Ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya wuce Turai, ya yi suna, ya yi kuɗi. Amma ku ƙirga yaran da ke buga tamaula a bayan makarantun firamare daga nan har Toranke da Balare, da Kademi da Shagogo, sa'an nan ku gaya mana Ahmed Musa nawa za su fito daga cikinsu. Sauran fa? Su ne abin tausayi, su ne kuma dalilin laccar nan.

Ga misali daga zamanin kakanninmu. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya ci kambin damben duniya a Faris cikin 1957. Cikin 1959 aka karɓe kambin. Da ya ajiye dambe sai ya koma koyar da 'yan damben Nijeriya, ya daɗe yana cin abinci da abin da ya sani. Ƙarfi ya tafi, sani ya zauna. A nan gida kuwa kowa ya san wani tsohon ɗan dambe da aka yi wa kiɗa da kirari a da, yau ga shi hannu ya lalace, ba gona, ba jari, sai labari.

INA AKE SAMUN TAKARDAR?

Rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka bari mu jera muku ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya rubutu ya rubuta.

Ta fari, akwai Makarantar Wasanni ta Ƙasa a Ikko, cikin babban filin wasa na Surulere. An kafa ta cikin 1974, shekara guda bayan Nijeriya ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka. Nan ake horar da masu koyar da wasa da masu tafiyar da sha'aninsa. Akwai kwas na 'yan watanni, akwai na difloma.

Ta biyu tana kusa. A Karfi, cikin ƙasar Kura, kan hanyar Zariya, Gwamnatin Kano ta kafa makarantar wasanni tsakanin 2011 da 2015, tare da waɗansu makarantun sana'a fiye da 20. Da mulki ya sake hannu cikin 2015 da yawansu suka tsaya, bayan 2023 kuma aka ba da sanarwar sake buɗe su. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ta uku, makarantun horon malamai. A can yaro ko yarinya kan yi shekara 3 su sami takardar NCE ta koyar da motsa jiki da kiwon lafiya. Wanda ya yi ƙoƙari ya zarce Jami'ar Bayero ya yi digiri a wannan fanni.

Ta huɗu, sha'anin baƙi da shaƙatawa. Kwalejojin fasaha suna ba da difloma ta shekara 2 a kan yawon buɗe ido da kula da wuraren hutawa, a Bagauda kuma akwai reshen makarantar Gwamnatin Tarayya mai koyar da aikin otal da tarbar baƙi. Kada ku raina wannan. Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya bar mana Tiga da Bagauda da gidan namun daji. Cikin 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Baƙon da ya zo kallo yana bukatar masauki da abinci da mai yi masa jagora. Wa zai yi, in ba wanda aka koya wa ba?

Ta biyar, lasin koci da na alƙalanci. Hukumar ƙwallon Afirka tana da lasi hawa hawa, daga D zuwa C, zuwa B, zuwa A. Alƙali shi ma daga ƙaramin mataki yake farawa, ya ci jarrabawa, ya ci gwajin gudu, sa'an nan a ɗaga shi.

WANDA BAI YI BOKO BA FA?

Mun ji tambayar tun ba a yi ta ba. Yawancin yaranmu ba su gama sakandare ba, waɗansu allo kaɗai suka yi. To, su ma akwai hanya, in an ga dama a buɗe musu.

Hukumar ilmin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa cikin 1977, hedkwatarta na Kaduna, tana da wani tsari mai suna NSQ. A tsarin nan ba a tambayar mutum ajin da ya gama, abin da hannunsa ya iya ake dubawa. Mai jarrabawa ya zo wurin aikinka, ya ga yadda kake yi, in ka cika sharaɗi a ba ka satifiket na matakin da ka kai. An bi wannan hanya da masu sana'ar hannu na kasuwar Panteka a Kaduna.

Abin da muke cewa shi ne, abin da ya yi wa maƙeri da bakanike rana zai yi wa mai wasa. Mutumin da ya shekara 20 yana raba 'yan dambe, ya san lokacin da zai shiga tsakani, ya san kisa, ya san wanda ya jigata, me ya rage masa? A ƙara masa taimakon gaggawa da dokokin zamani, a gwada shi, a ba shi takarda. Dambe da kokawa da langa suna cikin Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara cikin 1973. Wasannin namu ne, tun kaka da kakanni mahauta ke dambe bayan an kau da amfanin gona. Don me za a ce wani ne zai riƙe mana usur?

Ku leƙa Jumhuriyar Nijar. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, kokawa ta zama abin ƙasa. An gina mata filaye a manyan garuruwa, tana da alƙalai da masu horarwa da dokoki a rubuce, Gwamnati kuma na sa kuɗi. Hausawa ne 'yan'uwanmu na Maraɗi da Tawa da Damagaram ke cin wannan moriya. Ba su fi mu ƙarti ba, tsari suka fi mu.

ABIN DA RASHIN TAKARDA KE JAWO MANA

Na ɗaya, ɗan siyasa. In zaɓe ya matso sai ya sa kofi, ya raba riguna masu hotonsa, ya ɗauki hoto da yara. Ran zaɓe yaran nan su ne 'yan banga, an ba su ƙwaya da gora. Bayan zaɓe ba kofi, ba riga, ba shi. Wanda ke da satifiket da albashi ba ya ɗaukar wa kowa gora a kan naira dubu biyu.

Na biyu, dillalin ƙarya. Ya zo da babbar waya da Turanci, ya ce zai kai yaro Turai. Uba ya sayar da sa, uwa ta kwashe adashi, wani har gona ya jinginar. Daga nan sai a ji yaro a Agadas ko Libiya, ko kuwa a wani otal an gudu an bar shi. Da a ce a kowace gunduma akwai koci mai ilmi, wanda ya san yadda ake cinikin ɗan wasa bisa doka, da iyaye sun sami wurin tambaya kafin su kwance tunkiya.

Na uku, rauni. Yaro ya faɗi a fili ya suma, sai a taru a kansa ana fifita, wani na ɗaga shi, wani na ɗura masa ruwa. Wanda ya yi kwas ya san ba a jan mai ciwon wuya, ba a ba sumamme ruwa. Wannan kaɗai ya isa ceton rai.

Na huɗu, 'ya'yanmu mata. Makarantar 'yan mata tana bukatar malama mace mai koyar da motsa jiki. Iyayenmu masu hawan jini da ciwon sukari likita yakan ce su motsa jiki, to a gaban wa? In muna son a kiyaye mutunci, sai mu horar da mata su koyar da mata.

ABIN DA JAM'IYYA KE NEMA

Ba mu zo kuka kaɗai ba. Ga buƙatunmu guda 4, za mu kai su a rubuce.

Ɗaya. Ajingi tana da gundumomi 10, Gaya tana da 10. Kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin yara 2 daga kowace gunduma duk shekara, namiji da mace, zuwa ɗaya daga makarantun da muka ambata. Mutum 40 ke nan a shekara, 160 cikin shekara 4. Kada a ce ba kuɗi. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin ya bi, da sunanmu ake fitar da shi kowane wata.

Biyu. A zaɓi yaran a fili, a gaban jama'a, a manna sunayensu a ƙofar makaranta da bakin kasuwa. Ba mu yarda da jerin da ake rubutawa da dare a zauren wani ba, inda ɗan kansila da ƙanen matar ciyaman ke cinye gurbi, alhali ko zagaye fili ba su iya ba.

Uku. Takarda ba aiki ita ce wahala biyu. Wanda ya gama a ba shi makarantar firamare ko sakandare a gundumarsa, a ba shi fili da kayan wasa. Filin makaranta kuma a daina yanka shi ana sayarwa fuloti.

Huɗu. Makarantar Karfi da 'yan'uwanta a tsare su da doka da kason kuɗi tabbatacce, domin kada su riƙa mutuwa da tashi duk ran da aka sake Gwamna. Makaranta ta talakawa ce, ba ta mai hula ko mai tuta ba ce.

NAMU AIKIN

'Yan kasuwa, ku ma da naku. Ran da aka yi wasa a gari, wa ke ciniki? Mai ƙosai da mai rake, mai shayi da mai tsire, mai ruwan sanyi, ɗan acaɓa, tela mai ɗinkin riguna, mai gidan kallon ƙwallo. Gasar da aka tsara, mai ranaku sanannu da alƙali na gaskiya, ba ta ƙarewa da jifa, kasuwa ce ta biyu a mako. Saboda haka muna roƙon ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki nauyin yaro guda da kanta, kada mu jira hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyaye, ba mu ce yaro ya bar gona ko makarantar allo ko salla saboda ƙwallo ba. Wanda ya ce muku haka muka ce, ƙarya yake yi. Cewa muka yi, tun da yaron nan ba zai bar wasa ba ko an doke shi, gara wasan ya zama sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Samari, ku kuma ku ji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin ƙofofin nan suna neman takardar gama sakandare, wanda ya bar aji saboda fili ya rufe wa kansa ƙofa. Wanda ya faɗi jarrabawa ya sake zama. Daga gobe littafi yana buɗe a ofishin Jam'iyya. Duk mai so ya zo ya ba da sunansa da gundumarsa da ajin da ya kai da wasan da ya iya. Ba a biyan ko kwabo, ba ma tambayar katin jam'iyyar kowa. Da wannan littafi za mu shiga sakatariya, domin kada a ce mana ba masu so.

Tun ran 8 ga Agusta 1950 da aka kafa NEPU a Kano, abin da su Malam Aminu Kano suka koya wa talaka shi ne ya san haƙƙinsa, ya tambaya da bakinsa, ba tsoro. A zamaninsu haƙƙin shi ne a daina aikin tilas da duka a kan haraji. A namu zamanin, a cikinsa akwai wannan: ɗan talaka da ya sha bugu a fili, shi ma ya karɓi kuɗin.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Sawaba!