Mawaƙan Opera na Faransa da Faifan da Ya Riske Su a Makare



Ranar 24 ga Disamba 1907 aka taru a ƙarƙashin gidan Opera na Paris, aka zuba faya-fayen garmaho 24 cikin tukwanen ƙarfe, aka liƙe, da sharaɗin kada a buɗe sai an cika shekara ɗari. Alfred Clark na kamfanin Gramophone ne ya ba da kyautar. Masu bikin sun yi imani sun adana wa jikoki muryoyin zamaninsu, kuma da aka buɗe tukwanen a 2008 an sami muryoyin. Abin da nake so mu duba yau shi ne waɗanda faifan bai riska ba, da waɗanda ya riska rana ta riga ta yi musu.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera zantukansa tare da makaɗa masu yawa. Opereta ƙanwarta ce mai raha, ana magana ana waƙa. Sarauniyar opereta a Paris ita ce Hortense Schneider, wadda ta fito a wasan Offenbach mai suna La Belle Hélène a 1864, sarakunan Turai suna tururuwa kallonta. Ta rayu har 1920, amma ta daina waƙa tun kafin garmaho ya zo, ba mu da ko layi ɗaya na muryarta. Haka Célestine Galli-Marié, wadda ta fara fitowa a matsayin Carmen a wasan Bizet a 1875. Wannan rashi yana damuna ƙwarai, domin Bizet da kansa ya saurare ta, ya gyara mata, kuma duk wannan ilimi ya bi ta kabari a 1905.

Emma Calvé, Carmen ɗin da duniya ta fi sani bayanta, ta shiga ɗakin ɗaukar murya a Landan a 1902. Ku kwatanta ɗakin a zuci. Babu makirufo. Akwai wani babban mazurari da ya leƙo daga bango, mawaƙiya ta tsaya daf da bakinsa, ƙarfin muryarta kaɗai ke girgiza allurar da ke zane a kan kaki. In za ta ɗaga murya sai ta ja da baya, kada zanen ya lalace. Maimakon taron makaɗa, fiyano ɗaya ne a bayanta, kuma dole waƙar ta ƙare cikin minti uku zuwa huɗu. To, Calvé ta yi suna ne da tafiyarta a kan dandamali, da kallonta, da yadda take juya jiki. Mazurari bai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya ji faifanta yau ya ce bai ga abin yabo ba, ya yi mata rashin adalci. Ta rasu a 1942 cikin talauci.

Victor Maurel, ɗan Marseille da Verdi ya zaɓa ya zama Iago na farko a wasansa a 1887, sai a 1903 ya fara yin faifai, yana da shekara 55, murya ta soma gajiya. Amma Lucien Fugère ya ba kowa mamaki. Da waƙa a gidajen shaƙatawa ya soma, ya shiga gidan opera na Opéra-Comique a 1877, sannan ya yi wa kamfanin Columbia faya-faye a 1928 yana ɗan shekara 80. Muryar ta tsufa, babu musu, amma kowace kalma tana fita tas, numfashi a daidai inda ya dace. Daga bakin wannan dattijo muke jin yadda ake furta Faransanci a waƙa tun zamanin mawallafan opera Gounod da Massenet.

Makirufo ya shigo aikin a 1925, shi ya sa sa'a ta faɗa kan 'yan baya. A 1931 Georges Thill da Ninon Vallin suka ɗauki Werther na Massenet baki ɗayansa, da cikakken taron makaɗa, Thill yana tsakiyar ƙarfinsa, shekara bakwai kacal da fara aiki a Opera na Paris. Ɗalibin da ke son shiga wannan fage, shawarata ya fara da wannan faifai, kunnensa ya saba, sannan ya koma baya zuwa ga Fugère, daga nan ya nemi Calvé.