CIWON MUƘAMUƘIN DA KAFSON KEMIS BA YA WARKARWA

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a madadin kwamitin duba marasa lafiya



Mu dai kun san mu, 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba. Amma tun da kuka ɗora mana nauyin raka marasa lafiya asibiti, dole abin da muka gani kuma muka tambaya muka gane, mu zo mu faɗa maku. Dalilin tsayuwarmu yau, wata baiwar Allah ce daga cikin iyayenmu mata na unguwar nan, wadda ke jinyar sankarar mama. Turmin haƙorinta na ƙasa ya dame ta, aka kai ta wurin wani mai cirewa, ya cire. Babu wanda ya tambaye ta wane magani take karɓa, ita ma ba ta faɗa ba, mu ma da muka raka ta ba mu san akwai abin faɗa ba. Wata ɗaya, wata biyu, gurbin bai rufe ba. Sai wari, sai mugunya, har ƙashi ya fito fili ana ganinsa. Mun saya mata kafso kala-kala a kemis, ya lafa ya dawo. Sai da muka dangana da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi a babban asibitin koyarwa sannan muka ji sunan abin.

To jama'a, ga yadda al'amarin yake. Ƙashin jikin mutum kullum cikin gyara yake, akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo, kamar dai leburori da magina. Idan sankarar mama ko ta mazakutar dattawa, wadda ake kira furosteti, ta shiga ƙashi, ko kuwa ƙashin tsofaffi ya yi rauni yana karyewa, sai likita ya ba da maganin da zai rage ƙarfin masu rushewar. Akwai na ƙarin ruwa irin su Zometa da Aredia, akwai ƙwaya ta sha irin Fosamax, akwai allura irin Prolia da Xgeva. Magunguna ne masu amfani ƙwarai, suna hana karaya, suna rage zafi. Sai dai muƙamuƙi ƙashi ne mai shan aiki sosai, fatar dasashin da ta rufe shi siririya ce, ga shi kuma a cikin baki inda ƙwayoyin cuta suke zaune. Idan aka cire haƙori alhali masu kwashe ruɓaɓɓen ƙashi sun kwanta, sai ramin ya kasa cikewa, wani ɓangare na ƙashin ya mutu. Na ƙasa ya fi kamuwa fiye da na sama.

A shekarar 2003 ne wani likitan tiyatar baki a Miami ta ƙasar Amurka, Robert Marx, ya fara bayyana wannan ciwo a kan mutum 36. A 2014 ƙungiyar likitocin tiyatar baki ta Amurka ta faɗaɗa sunansa, don an gane ba iri ɗaya ne kawai na magani ke jawo shi ba. Alamomin da suka tsayar guda uku ne: mutum yana karɓar irin maganin ko ya taɓa karɓa, ƙashi ya zauna a fili fiye da mako 8, sannan ba a taɓa yi wa muƙamuƙinsa gashi da na'ura ba. Kada hankalinku ya tashi, ciwon ba ya da yawa. A masu sankara bai kai biyar cikin ɗari ba, a masu shan ƙwayar raunin ƙashi kuwa bai kai ɗaya cikin dubu ba.

Yanzu ga inda muka fi so ku saurara. Mutuwar ƙashi daban, shigar ƙwayar bakteriya daban. Wani ƙashinsa na fili amma babu zafi babu mugunya, wannan shi ne mataki na ɗaya, sau da yawa ruwan kurkure baki na asibiti da lura sun ishe shi. Idan dasashi ya yi ja ya kumbura, ga zafi ga mugunya, to bakteriya ta shiga, mataki na biyu ke nan. Na uku shi ne idan muƙamuƙi ya karye, ko ciwon ya huda fatar haɓa mugunya na fitowa waje, ko ya haura kogon da ke gefen hanci.

Ta yaya likita ke gane wace ƙwaya ce ta shiga? Mu da farko mun zaci a shafa auduga a gurbin a kai ɗakin gwaji, shi ke nan. Ashe bakin mai lafiya ma ɗauke yake da ɗaruruwan ire-iren bakteriya. In ka shafa auduga a sama, kamar ka shiga kasuwa ranar cinta ka kama duk wanda hannunka ya taɓa ka ce shi ne ɓarawo. Shi ya sa likitoci suka fi dogara da mugunyar da aka zuƙo daga ciki, ko guntun mataccen ƙashin da aka ciro lokacin aiki. Wani a shuka shi a ga abin da zai tsiro, wani a yanka a duba a madubin likita.

Akwai wata ƙwaya da ake yawan samu a irin wannan ƙashi, sunanta Aktinomaisis. Tana zaune a bakin kowa ba ta cutarwa, sai ta sami ƙofa. Ba ta son iska, saboda haka in samfurin ya sha iska ko ya daɗe a hanya, ba za ta tsiro ba. Ga ta da nawa, tana iya kai mako 2 ko 3 kafin ta nuna kanta. Wani lokaci a kan ga 'yan ƙwayoyi rawaya-rawaya kamar tsakin gero cikin mugunyar, wannan alamarta ce. Kuma ƙwayoyin kan haɗu su yi wata irin yauƙi su manne a jikin ƙashin, tun da jini ba ya zuwa mataccen ƙashi, maganin da aka sha ba ya isa gare su sosai. Kun ga dalilin da ya sa kafson kemis ke kwantar da ciwon amma ba ya kashe shi. Mafi muni ma, kafson da muka yi ta ba ta shi ya sa gwajin farko ya fito babu komai, aka sake jira. Wannan laifi namu ne, mun kuma ɗauka.

Bayan wannan akwai hoton muƙamuƙi mai nuna haƙora gaba ɗaya, da hoton siti-sikan mai nuna iyakar inda ƙashin ya mutu. Duba ƙashin a madubi yana da wani amfanin kuma, wato a tabbatar ba sankarar ce ta yaɗu zuwa muƙamuƙi ba, domin su biyun suna iya kama da juna. In an gane ƙwayar, sai likita ya zaɓi maganin da ya dace, galibi dangin fenisilin, ya faɗi tsawon lokacin sha, wani kuma sai an yi aiki an cire mataccen ƙashin. Uwar tamu an yi mata aiki, alhamdu lillahi gurbin ya rufe, tana cin tuwonta.

Daga ƙarshe, ga roƙonmu:

1. Wanda za a fara ba shi maganin ƙarfafa ƙashi, ya ga likitan haƙori tukuna, a gyara abin gyara, a cire abin cirewa.

2. Wanda ya taɓa karɓa, ko da shekaru sun wuce, ya faɗa kafin a taɓa haƙorinsa, don wasu daga magungunan kan daɗe shekaru a cikin ƙashi. Ku ajiye katin asibiti da kwalin magani, in Turanci ko Yarbanci ya yi wuya, kwamiti zai ba da ɗan rakiya.

3. Kada kowa ya daina maganinsa da kansa don ya ji wannan jawabi. Dakatar da Prolia ba tare da shawarar likita ba na iya jawo karayar ƙashin baya.

4. Gurbin haƙorin da ya ƙi rufewa, ko leɓen ƙasa ya mutu ba a jin taɓi, ko haƙori ya fara girgiɗi haka kawai, a tafi asibiti kafin a sha kafso. In an riga an sha, a faɗa wa likita sunansa da kwana nawa.

5. In ɗakin gwaji suka ce a dawo bayan mako biyu, a yi haƙuri a koma, ba wasa suke da mu ba.

Asuwaki da buroshi kuwa a riƙe su safe da dare. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.