Jawabi a Kan Tushen Ciwon Dajin da ya fi Addabar Maza



A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce girman ƙaramin goro ba, wanda likitoci ke kira furosteti. Ta tsakiyarsa hanyar fitsari ta ratsa. Ciwon dajin da ke kama wannan wuri shi ne ya fi kowane irin daji yawa a tsakanin mazan Nijeriya, ya kuma fi kama baƙar fata da waɗanda shekarunsu suka ja.

A shekarar 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya nuna cewa wannan ciwo da sinadarin mazakuta yake rayuwa, in an hana shi sinadarin sai ya motse. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1966, har yau kuwa da hikimarsa ake yi wa majinyata magani. Sai dai ga waɗanda ciwon ya riga ya bazu a jikinsu, yakan kwanta na wani lokaci, sa'an nan ya farfaɗo, maganin kuma ya daina cinsa.

Me ya kawo haka? Wanda ya taɓa rushe suri ya sani, muddin sarauniyar gara tana ƙarƙashin ƙasa, ba a jimawa za a ga sabon gini. Masana suna ganin haka abin yake a nan. A 2005 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila suka ware wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan daga cikin ƙarin, waɗanda ke sabunta kansu, su kuma haifi sauran ƙwayoyin cutar. Su ake kira ƙwayoyin asali. Bincike ya nuna ba su dogara da sinadarin mazakuta kamar 'ya'yansu ba, watau magani yana iya kashe 'ya'yan ya bar uwayen.

Saboda haka masana suka duƙufa neman maganin da zai bi waɗannan uwaye har maɓoyarsu. Wuyar aikin ita ce, lafiyayyen jiki ma yana da nasa ƙwayoyin asali, tilas a sami abin da zai bambanta su. Har yanzu ana matakin gwaji ne, don haka duk wanda ya tallata muku irin wannan magani a kasuwa, ku guje shi.

Abin da ke hannunmu a yau shi ne gano ciwon da wuri, tun yana wuri ɗaya, lokacin da fiɗa ko gashi ke iya kawar da shi. Da fari ba ya nuna alama. Magidancin da ya kai shekara 45 ya nemi shawarar likita a kan gwajin jini na PSA, musamman in mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon. Wanda fitsari ke yi masa wuya, ko yake yawan tashi da dare, ko ya ga jini, kada kunya ta hana shi zuwa asibiti. Sau da yawa kumburin tsufa ne kawai, amma likita ne kaɗai zai tantance.

Allah ya ba mu lafiya, amin.