Kowace Dabba da Gidanta: Yadda Za Mu Nuna wa Yara Namun Dajin Duniya



Duk wanda ya saba shiga ajin 'yan nazare ko na 'yan aji ɗaya ya san wata takarda mai sheƙi da ake mannawa a bango, irin wadda ake sayarwa tare da ta haruffa da ta ƙirga. A jikinta an jera zaki da giwa da jakin dawa da kangaru da fengwin, kowa a cikin ɗan akwatinsa, bayansa fari fat. Ba ciyawa, ba ruwa, ba ƙanƙara. Malama ta nuna da tsinke, yara su amsa baki ɗaya. Ƙarshen zango yaro ya haddace sunaye ashirin, ya ci jarrabawa. To amma a tambaye shi wanne daga cikinsu ne ake samu a ƙasar nan, sai ya yi zuru. Sau da yawa malamar ma ba a taɓa gaya mata cewa babu jakin dawa a duk faɗin Afirka ta Yamma ba, sai can gabashi da kudancin nahiyar, ko cewa damisar nan mai ratsi-ratsi da ake kira taiga ba ta taɓa zama a dajin Afirka ba, 'yar Asiya ce, kuma mafi yawan waɗanda suka rage a Indiya suke.

Abin da na zo faɗa a yau guda ɗaya ne. Kada a nuna wa yaro dabba ba tare da gidanta ba. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ba kuka kaɗai ba: kunnen dabba, da gashinta, da tafin ƙafarta, da yadda take renon ɗanta, duk gidanta ne ya sa suka zama haka, da ikon Allah. In aka raba ta da gidan, hoto kawai aka bar wa yaro. Hanyar da na fi yarda da ita kuwa ita ce a haɗa biyu-biyu, tamu da ta nesa, a ajiye su gefe da gefe, a bar yaro ya yi tambaya da kansa.

Mu ɗauki yanyawa. Wadda take zaune cikin rairayin Sahara, a arewacin Nijar, 'yar ƙarama ce, nauyinta da ƙyar yake wuce kilo ɗaya da rabi, amma kunnuwanta kan kai santimita 15. Tana da 'yar'uwa a can ƙarshen arewacin duniya, a ƙasashen ƙanƙara irin su arewacin Kanada da Rasha, wadda kunnuwanta guntaye ne, sun kusa nutsewa cikin gashi. A nuna wa yara hotunan biyu, a tambaye su dalili, kada a yi gaggawar ba su amsa. A kawo kunu mai zafi, a zuba rabi a kofi, rabi a faranti mai faɗi, a jira ɗan lokaci, a ce wani ya ɗanɗana. Na faranti ya huce, na kofi yana nan da zafinsa. Ba yaron da bai taɓa ganin uwarsa ta yi wa ƙaninsa haka ba. Daga nan sai a ce musu jini yana bi ta cikin faffaɗan kunne, iska ta buge shi, ya koma jiki a huce. Wadda take cikin sanyi kuwa ba ta son ko kaɗan na ɗumin jikinta ya fita. Kafin malami ya rufe baki, wani zai ɗaga hannu ya ce, ashe shi ya sa giwa take kaɗa kunne. Haka ne, fifita take yi, kuma shi ya sa giwar Afirka ta fi ta Asiya girman kunne. Akwai ƙarin abin da yake ba yara dariya: yanyawa da 'yar'uwarta duk suna da gashi a tafin ƙafa, ɗaya don kada rairayi ya ƙona ta, ɗaya don kada ƙanƙara ta daskarar da ita.

Raƙumi ma haka. Namu tozo ɗaya, na hamadar Gobi da ke tsakanin Sin da Mongoliya tozo biyu, ga gashi buzu-buzu da yake zubarwa in zafi ya shigo, domin hamadarsa a lokacin hunturu sanyinta yana sauka can ƙasa da sifiri. A nan ne za a gyara wa yara wani kuskure da manya ma suke yi: ba ruwa ne a cikin tozo ba, kitse ne. Wanda yake ganin duk wannan aikin boko ne, ya tuna Alƙur'ani ya yi kira a dubi yadda aka halicci raƙumi, kuma akwai surori da aka sa wa sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Al-Jahiz na Basra ya rubuta babban littafi kan dabbobi tun ƙarni na 9, Al-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya rubuta nasa. Mu ne dai muka yi sake.

Akwai dabbobin da ba su da takwara a wajenmu, kuma su ne yara suka fi so. Su labari ake ba su, kamar yadda ake ba da tatsuniya, sai dai wannan ba ƙarya a ciki. Kafin a fara, a ɗauki ƙwallo da tocila, a rufe tagogin aji, a haska tsakiyar ƙwallon. Yara za su ga hasken ya taru a tsakiya, ya zame a sama da ƙasa. A ce musu mu muna nan kusa da tsakiya, babban fengwin kuma yana can ƙasa, a Antaktika. Tsuntsu ne da ba ya tashi, tsayinsa ya ɗara mita ɗaya, gwanin iyo ne. A watan Mayu ko Yuni, lokacin da mu nan muke sauraron ruwan shuka, can hunturu ne, rana ta ɓace, duhu ya rufe. Matar ta yi ƙwai ɗaya tak, ta mirgina wa mijin a hankali, domin in ya daɗe a kan ƙanƙara ya mutu, ita kuma ta kama hanyar teku neman abinci. Shi sai ya ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa, ya lulluɓe shi da fatar cikinsa, ya tsaya. Wata biyu yana tsaye, ba ci, sanyi yana kai digiri 40 ƙasa da sifiri, ga iska mai kaɗa mutum. Mazan sukan cure wuri ɗaya, dubbai, kai a sunkuye, suna matsawa kaɗan-kaɗan, ta yadda wanda yake bakin iska zai samu ya shiga tsakiya ya ji ɗumi. Kafin matar ta dawo da kifi a cikinta, ya rame ya kusa zubar da rabin nauyinsa. Ban taɓa ba da labarin nan a aji ba tare da wata yarinya ta tambaya ko uban ba ya jin yunwa ba. Yana ji mana. Kuma tun da ƙwallon yana hannu, a nuna musu cewa farin beyar, dabbar nan mai farauta a kan ƙanƙara, a saman ƙwallon yake. Shi da fengwin ba su taɓa haɗuwa ba sai a katun.

Kangaru na Ostareliya kuwa, cikinta wata ɗaya ne da 'yan kwanaki, ɗan da take haifa bai fi ƙwayar wake ba, makaho, ba gashi, ya rarrafa da kansa ya shiga jakar da ke cikin uwar, ya kama nono, ya yi watanni a ciki. A ajiye wannan kusa da giwa, mai ɗaukar ciki wata 22, wadda ɗanta yake miƙewa ya bi garke a ranar da aka haife shi.

Kada kuma yaro ya ɗauka cewa duniyar can daban, tamu daban. Shamuwa ta ishe mu malama. Kowane yaron ƙauye ya san in ta sauka a kan bishiyar gari damina ta matso, kuma ba a jifanta. A tambaye shi ina take zuwa in kaka ta yi. Kudu take nufa, ta tsallake tsakiyar duniya, ta sauka a ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda damina take farawa a daidai lokacin da tamu ta ɗauke. Ruwa take bi, da fara da tsutsar da ruwa yake kawowa. Ita tana fita, wasu baƙin suna shigowa: agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da suke gudo wa sanyin Turai su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, musamman a Dagona. Turawan ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke ɓacewa ba, har wasu masanansu na da suka ce cikin laka suke kwanciya. A 1822 aka harbe wata farar shamuwa a arewacin Jamus, sai ga mashin Afirka a soke a wuyanta, ta taso da shi tun daga nan. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. Yaron da ya ji wannan, in aka shimfiɗa masa taswira, ba sai an roƙe shi ya duba ba.

Sai batun tatsuniya. Wasu malamai suna ganin sai an kore ta kafin kimiyya ta shiga. Ban yarda ba. Gizo da Ƙoƙi da dila malamin daji su ne suka fara sa yaro ya san akwai wata rayuwa bayan gari, kuma akun da yake ba da labari a Magana Jari Ce ya shigar da dubban yara karatu. Abin yi shi ne bayan an ce ƙurunƙus, a ce to yanzu ga kurar gaske. Tatsuniya ta mai da ita wawuya mai kwaɗayi, gardawa kuma suna yawo da ita kasuwa-kasuwa da takunkumi da sarƙa, abin da ni ba na so a kai yaro kallo. A daji kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce, mafi yawan abin da take ci ita ta kashe da kanta, tana zama cikin dangi mai tsari, kuma mata ne suke shugabanci. 'Yan mata a aji sukan so jin wannan.

Yaran da suka kai aji biyar ko shida sun isa a gaya musu cewa dabba tana ƙarewa. A shekarun 1990 ungulayen Indiya suka fara faɗuwa matattu, har fiye da kashi 90 cikin 100 suka tafi. Daga baya aka gano maganin ciwon jiki ne, dikulofinak, da ake yi wa shanu allurarsa. In saniya ta mutu ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ku da kuka haura shekara arba'in, ku tuna yadda ungulu take cika mahauta da rufin kasuwa a garuruwanmu, ku duba yau. Tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa, saboda guba da masu sayar da sassan jikinta don tsibbu. Gemun ɗan'uwa ya riga ya kama wuta, namu ma ya fara hayaƙi. Sai dai kada a bar yaro da baƙin labari kaɗai. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, su ne kaɗai irinsu da suka rage a Afirka ta Yamma. A 1996 an ƙirga 49. Da aka hana farautarsu, manoman yankin kuma suka yi haƙuri da ɓarnar da suke yi wa wake, sai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji.

Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma ba kowace makaranta ce za ta iya kai yara Yankari su ga giwa ba, ga tsadar mota ga matsalar tsaro. Abin da ya fi kusa shi ne gidan zoo, irin na Audu Bako a Kano, ko na Jos, ko na gidan tarihin Boubou Hama a Yamai. In za a je, kada a zaɓi ranar Sallah, lokacin da turmutsitsi yake hana kowa ganin komai. A zaɓi dabba uku kacal tun daga aji, a koyi gidansu da abincinsu, a je a tsaya gaban kowace a nutse, yara su zana abin da suka gani. A hana tsokana da jifa da miƙa biskit. In yaro ya ce zakin nan kamar ba ya jin daɗi, kada a ƙaryata shi, a tambaye shi me ya gani.

Roƙona na ƙarshe ga masu gidajen talabijin da matasanmu masu fassara finafinai ne. Kun iya sa jarumin Indiya ya yi Hausa har da karin magana, yara suna haddace muryoyinku. Finafinan namun daji masu kyau suna nan jibge, na teku da na kurmin Amazon da na ƙanƙara, duk da Turanci ko Faransanci. Ku nemi izinin masu su, ku zauna da malamin kimiyya ɗaya da tsohon maharbi ɗaya, shi malamin ya tsare gaskiyar bayani, maharbin ya ba ku sunayen da suka fara ɓace mana, irin su gwanki da kanki da mazo da mariri da dabgi. Minti goma sha biyar a mako, bayan la'asar, ya isa a fara. Makarantun da suke wannan zaure za su iya zama na farko da za a gwada a ajinsu, kuma na ga shugabanninsu suna zaune a sahun gaba.