Bayan Sallama Daga Asibiti, Ina Za Su Kwana?

Jawabin kwamitin walwalar malamai a zaman reshe



An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan shaye-shaye, mu kuma muka zaɓi tsayawa a kan gaɓa ɗaya tak, wato ranar da likita ya sa hannu a takardar sallama. Gargaɗi a kan illar ƙwaya mun sha yin sa a gaban ɗalibai da safe, kuma ba mu raina shi ba. Sai dai wanda ya riga ya faɗa, aka kai shi asibiti, aka yi masa magani ya fito, ba mu cika tambayar inda zai kwana a daren farko ba, balle mu tambayi waɗanda zai tarar suna jiran sa a ƙofar gida.

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Mutum miliyan 4.6 tiramadol da dangoginsa suke sha, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Shekara 15, 'yan'uwa, ita ce shekarar yaron da ke shirin shiga babbar sakandare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a cikin wannan adadi akwai ɗalibanmu, akwai 'ya'yan cikinmu, akwai kuma masu riƙe da alli irinmu. Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, amma haramci bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba.

Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano, suna yin aikin da babu mai iya yin sa a gida. Wanda jikinsa ya saba da tiramadol ko kodin, idan ya daina, yakan yi mako guda ko biyu cikin ciwon gaɓoɓi da zufa da amai da gudawa da rashin barci. Likita ne ke sassauta wannan azaba, shi ne kuma ke gano ko akwai wata lalura a ƙarƙashin shaye-shayen, kamar ciwon damuwa, wadda idan ba a magance ta ba za ta sake tura mutum ga kwalba. Amma gadajen asibiti kaɗan ne, kuɗin jinya kuma yana karya aljihun mai albashi. Bayan 'yan makonni sai a ce ya tafi gida.

Gidan kuwa yana nan yadda ya bar shi. Majalisar da ya saba zama tana bakin layi, mai sayar masa bai tashi ba, lambobin abokan shan suna cikin wayarsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Akwai kuma haɗarin da iyaye da yawa ba su sani ba: wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba sha, saboda haka idan ya koma ya sha kamar dā, numfashinsa na iya tsayawa. Kwanakin da suka biyo bayan sallama suna cikin mafi haɗari a rayuwarsa, a daidai lokacin da iyali ke murna an warke. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma ruwa, kwatankwacin yadda hawan jini da asma ke dawo wa masu su, ta kuma ce kulawar da ba ta kai wata 3 ba amfaninta kaɗan ne.

Idan yaro ya koma ruwa karo na biyu ko na uku, a nan ne uba yakan yanke ƙauna ya nemi gidan mari. Mun tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutane fiye da 300, wasu da sasari a ƙafa. Ba za mu zargi iyayen da suka kai 'ya'yansu ba, domin abin da suke nema shi ne wurin da zai raba yaro da layinsu na tsawon lokaci, kuma wannan buƙata gaskiya ce. Sasarin ne zalunci, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023 kuma ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan majinyata.

A Amurka an yi shekaru ana gwada wata hanya. A 1975, a garin Silver Spring na jihar Maryland, hukuma ta yanke shawarar rufe wani gida da ake ajiye masu murmurewa daga shan giya. Mazauna gidan, cikinsu har da wani lauya mai suna Paul Molloy, suka haɗa kuɗi suka karɓi hayar gidan da kansu. Wannan shi ne asalin gidajen Oxford House, waɗanda yanzu sun haura 3,000. Babu likita a cikin gidan, babu mai gadi. Mazauna, galibi mutum 6 zuwa 15, maza daban mata daban, su ke zaɓen shugabanninsu na wata 6, su ke raba kuɗin haya da na wuta daidai wa daida, kuma ba a karɓar sabon mutum sai kashi 80 cikin 100 sun amince. Wanda ya sha giya ko ƙwaya, nan take zai bar gidan. Wanda ya kiyaye kuwa babu mai ƙayyade masa ranar tashi, ko da zai shekara 3.

Masu bincike na Jami'ar DePaul da ke Chicago sun bi diddigin mutum 150 da aka sallama daga wuraren magani, rabi aka tura su irin waɗannan gidaje, rabi aka bar su da kulawar da aka saba. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna cewa bayan shekara 2, kusan kashi 31 cikin 100 na 'yan gidajen ne ke shaye-shaye, alhali a ɗaya ɓangaren kusan kashi 65 ne. Abin da 'yan gidajen ke samu a wata ya ninka na sauran. Mu malamai bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Mun san ɗalibi yakan ɓoye wa malami abin da ba zai iya ɓoye wa abokin kwanansa ba, kuma wanda ya taɓa yin ƙaryar yana saurin gane mai yin ta.

A lura da cewa duk mutanen nan 150 daga wurin magani suka fito. Gida irin wannan ba ya maye gurbin asibiti, kuma a ganinmu duk amfanin yana wurin ɗinkin da ke tsakaninsu. Kamata ya yi tun majinyaci yana kan gado a kai shi ya ga gidan, ya gana da mazauna, domin ranar sallama ya wuce can kai tsaye. Kamata ya yi a samu ma'aikacin jinya guda da 'yan gidan suka san sunansa, a kuma samu ɗan gida da zai riƙa raka sabon shiga ganin likita. Maganin da likita ya rubuta kuwa ba a lissafa shi cikin shaye-shaye, domin abokan zama masu kyakkyawar niyya na iya matsa wa mutum ya bar maganinsa da sunan tsarkaka, su jefa shi cikin wani ciwon. Dokar kora tana da tsauri, amma tana kare sauran. Abin da za mu ƙara shi ne, wanda ya zame a mayar da shi hannun likita a ranar, kada a bar shi a titi da jakarsa.

Mun san ƙasarmu ba Amurka ba ce. A nan hayar shekara ake biya gaba ɗaya, matasan kuma yawanci ba su da aikin da za su biya kasonsu. Maƙwabta za su yi ƙorafi idan ba a fara da mai unguwa da limami ba. Batun mata ya fi wuya, domin babu uban da zai bar budurwa ta zauna gidan haya ba tare da wata dattijuwa amintacciya ba, kuma a nan dole mu saɓa wa tsarin na asali. Amma a Ghana, kusa da Accra, an buɗe irin wannan gida, saboda haka ba abu ne da bai taɓa taka ƙasar Afirka ta Yamma ba.

Dokar da majalisar Amurka ta yi a 1988 ta tanadi rancen da bai wuce dala 4,000 ba ga duk rukunin da zai buɗe gida, a biya cikin shekara 2. Rance ne, ba kyauta ba, kuma rance sana'ar asusunmu na taimakon juna ce. Muna da malamai masu ritaya da za su iya shirya matashin da ya bar makaranta domin jarrabawar WAEC ko NECO. Muna kuma da bakin da za mu nemi hukumar ilimi ta ɗauki jinyar shaye-shaye a matsayin hutun rashin lafiya, a rufa wa malami asiri, domin tsoron kora ne ke hana abokan aikinmu zuwa asibiti har sai abin ya bayyana a gaban aji.

Saboda haka, mai girma shugaba, kwamiti yana roƙon a naɗa mutum 3, ɗaya daga cikinsu mace, su gana da shugabannin asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa da mu, su ji ko za su amince da haɗin gwiwa, su kuma binciko kuɗin hayar gida mai ɗaki 4. Za su kawo rahoto a zama mai zuwa kafin a kaɗa ƙuri'a a kan rancen. Wanda yake da majinyaci a gida kuma ba ya son yin magana a bainar jama'a, ya samu sakataren kwamiti bayan an tashi, ba za a rubuta sunansa ba.