Mai ɓata yaro ba baƙo ba ne

(Jawabin wata ma'aikaciyar lahiya a wurin karatun manya)

Maganar da na kawo yau tana da nauyi a baki. Ku yi mini haƙuri in hwaɗe ta. Magana ce ta manya masu lalata da yara ƙanana.

In an ce mai ɓata yara, sai mu tuna mahaukaci ko baƙo ɗan cin kasuwa. Ba haka ba ne. Mahi yawansu yaro ya san su: maƙwabci, mai tebur da ake aiken yaro wurinshi, mai koya mishi karatu, har ɗan'uwa na cikin gida. Mutum ne da hankalinshi. Shina gaida jama'a, shina zuwa suna da biki.

Ba ya gaggawa. Sai ya duba ya zaɓi yaron da ba a kula da shi: maraya, ko yarinya mai talla da ke kai dare, ko almajirin da iyayenshi ke nesa. Da alheri shike hwarawa. Yau alawa, gobe dala 20. In yarinya ta kawo ƙosai shi saye duka, shi ce ta shigo ɗaki ta karɓi kuɗinta. Iyaye ma har yabonshi suke. Bayan ya yi ɓarna sai shi ɗaure bakin yaro da tsoro. Shi ce ba wanda za ya yarda da ke, ko kin ci kuɗina, ko in kin hwaɗa za a kashe ki da duka. Kanshi ma ƙarya shike yi ma: wai wasa ne, wai yarinyar ce ta so, wai shaiɗan ne. Ƙaramin yaro bai san so ba. Laihin duka na babban ne.

Abin ba kaɗan ba ne. A shekara ta 2024 hukumar UNICEF ta ce a duniya mace 1 cikin 8 an yi mata hyaɗe ko lalata kahin ta kai shekara 18. Maza kuma wajen 1 cikin 11. Ku ji da kyau, har da ɗiya maza.

Yaron da aka ɓata ba kasahwai shike magana ba. Halinshi ne ke sakewa. Wanda ya daina hitsarin kwance sai shi koma. Shina hirgita cikin barci. Mai surutu shi yi shiru, karatu shi lalace. In an aike shi wani gida shi ƙi, mu kuwa mu ce ƙiwa ce, mu ɗauko bulala. Wannan bulala tana ba ni takaici. Yaro shina ganin shi ne mai laihi, kuma dukanmu shina ƙara mishi wannan zato. Wasu sai sun girma, sun yi aure, tsoro da baƙin ciki na bin su.

In ɗanka ya buɗe baki, ka yarda da shi. Kada ka yi mishi tsawa. Ka ce mishi ba laihinshi ba ne. Ku tahi likita nan take, kada a wuce kwana 3, don maganin da ke tare ciwon sida cikin awa 72 shike aiki. Akwai kuma maganin hana ciki ga yarinyar da ta tasa. Kayan da ke jikin yaro kada a wanke su, shaida ne. Daga nan sai wurin jandarma.

Na san abin da wasu za su ce: a ruhwa asiri, a sasanta a gida. Asirin wa aka ruhwa? Na mai laihi, shi samu damar taɓa ɗan wani. Dokar hukunci ta Nijar da aka gyara a 2003 ta yanka ma mai hyaɗe ga yaron da bai kai shekara 13 ba kaso na shekara 15 zuwa 30.

Wadda ke jin nauyin tambaya gaban maza, ta same ni bayan an tashi karatu.