Rumbun da Ba a Gina Shi da Laka

 

Kowane magidanci a Burkusuma ya san amfanin rumbu. Da kaka a cika shi, da bazara a ci. To, akwai wani rumbu wanda ba a gina shi da laka, kuma na gari ne duka. Sunansa amana.

Ga yadda a ke cika shi. In ciyawa ta fi ƙarfin maƙwabcinka ya kira gayya, ka saɓi hauya ka tafi, ka zuba dami ɗaya ke nan. In kun yi adashi, ka kwashe naka, sa'an nan ka ci gaba da zubi har na ƙarshe ya kwasa, ka ƙara wani dami. Haka manomi kan ba Bafillace sansa kiwo, shi kuwa ya kwana da garke a gonarsa bayan girbi domin taki. Ba takarda tsakaninsu, sai magana.

Ku dubi labarin ƙasarmu. Alkalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watse. Daga baya waɗansu suka zauna Tsibiri, waɗansu suka kafa Sabon Birni. Turawa suka zo suka ja iyaka a tsakani, amma auratayya da cin kasuwa ba su yanke ba. A 2019, da 'yan bindiga suka tsananta, mutum fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetara zuwa yankin Maraɗi. Talakawan ƙauyuka ne suka fara saukar da su a gidajensu, suka raba tuwo da su. Kun gani, hatsin da kakanni suka tara ne jikoki suka ci.

Amma fa wannan rumbu yana da gara, ita ce zargi. Ran da mutum ya soma tsoron maƙwabcinsa na kai wa ɓarayi labari, sai kowa ya kama bakinsa, gayya ta mutu, bashi ya ƙi samuwa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun yi alkawari ku cika. Ku biya bashi ran da kuka ce. In mai gari ya kira taro, ku je da ƙafarku. Laifin mutum ɗaya kuma kada ku ɗora wa danginsa duka.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.